Ta Kusa da Ta Nesa

An ɗauke ta! Makarantun likitanci biyu ta nema, duk biyun sun ɗauke ta.

Murna ta sa na fara rubutu ban sa rana ba, abin da malaminmu na ajin yamma ya sha hana mu. Bari in gyara.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Jikata Tsinke za ta zama likita. Na rubuta ne don in ga yadda zai fito a takarda. Ya fito da kyau.

Ta waya wasiƙun suka zo. Na sa ta je shagon bakin titi aka buga mana su, don ni ban yarda da abin da ba zan riƙe a hannu ba. Turanci ne, ban iya karantawa ba, amma na gane sunanta a kowace. Uwarta ta saki keken ɗinki tana kuka har zare ya sarƙe. Ni kuwa na fita ba takalmi, na gaya wa mai shago, na gaya wa mai gyaran babur, na gaya wa wani mutum da ban sani ba, ashe hanya yake tambaya.

Shekara talatin da ɗaya ina tura gadon marasa lafiya a babban asibiti. In likitoci sun taho, sai in matsa jikin bango. Yau ga wadda ta sha yi min fitsari a riga, tun da ubanta ya rasu suka dawo wurina ita da uwarta.

Ta ce, “Tsoho, zauna kada ka faɗi. Ban fara aiki ba tukuna.”

Na ce, “Amarya, in na faɗi ke za ki ɗauka.”

Ta ce, “Ni ba zan duba tsofaffi ba, ba sa jin magana.”

An ba ta sati uku ta zaɓi ɗaya.

Gobe zan leƙa asibiti in karɓi sakamakon wani gwaji. Ba wani abu ba ne. Na ce musu tsofaffin abokan aiki zan je gaisarwa.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na je. Na dawo. Na ga Dogo, wanda ya koyi aiki a hannuna. Shi ma ya yi furfura.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Na ja layi a tsakiyar shafin baya, na rubuta Ta Kusa a gefe ɗaya, Ta Nesa a ɗayan. Tsinke tana karantowa daga waya, ni ina rubutawa. Ta ce rubutuna kamar kaza ta yi tono. Na ce kazar da ta fara boko tana da shekara arba’in da bakwai, ai a yi mata uzuri.

Ta Kusa ita ce ta jikin asibitinmu. Mota ɗaya daga ƙofar gida. Ta kwana a gadonta, ta ci girkin uwarta. Tsohuwar makaranta ce mai suna, manyan likitocin da na yi wa aiki duk can suka fito. Ɗalibi ɗari uku suke ɗauka a shekara, kuma ba a bari su taɓa marar lafiya sai a shekara ta huɗu.

Ta Nesa yini da rabi ce a mota. Sabuwa ce, ko shekarun Tsinke ba ta kai ba. Ɗalibi sittin, mutum biyu a ɗakin kwana. Tun shekara ta biyu suke shiga wurin marasa lafiya. Sai ta karanto abin da ya sa na ajiye biro. Wai watan farko, kafin a ba su littafi ko ɗaya, ana raba su ga masu tura gado da masu shara, su yi aiki a ƙarƙashinsu.

Na ce ta sake karantawa. Ta sake.

Uwarta ta ce daga kan keke, “Yini da rabi. In zazzaɓi ya kama ta, wa zai je?”

Tsinke ta ce, “Umma, makarantar likitoci ce fa.”

Ba a tambaye ni ba. Amma na ga hoton da take ta buɗawa da yatsu biyu tana ƙara masa girma. Na Ta Nesa ne.

Alhamis, da hantsi

Ban ci ba. Na ce haƙori ne.

Juma’a, ƙarfe uku na rana

Zan rubuta abin da ya faru ranar Talata, in ya so in yage.

Daga ɗakin gwaji zuwa wurin likitoci hanya biyu ce. Akwai gajeriya ta cikin bene, mai hayaniya da warin magani. Akwai doguwa ta bayan ɗakin wanki, wadda ta ratsa lambu, mai itatuwa huɗu da benci da famfon da ba ya rufuwa. Mu masu tura gado ba ma karanta Turancin likita, amma muna karanta hannun da ya miƙo mana fayil. In sista ta miƙo tana hira, lafiya. In ta rufe shi, ta ɗaure da roba, ta miƙo da hannu biyu ba ta dube ka ba, to ka sani. Irin wannan marar lafiya ta lambu nake bi da shi. Ba dokar asibiti ba ce, ni na ƙirƙiro. Na ce mutum ya sha iska, ya ga ganye, kafin a gaya masa. Duk wanda ya biyo ta hannuna na koya masa. A gida ma na sha ba da labarin, ina taƙama.

Ranar Talata jiri ya ɗebe ni a kan benci, don an ce kada in ci komai. Dogo ya turo keken marasa lafiya ya ce, “Maigida, hau. Sau ɗaya dai a tura ka, ka ji abin da ka yi wa mutane.” Muna ta dariya. Ya shiga ya karɓo fayil ɗina. Da ya fito ya ci gaba da ba ni labarin surukarsa, ko murya bai canza ba, na yaba masa. Da muka iso mararraba, hannunsa ya juya keken hagu. Ina jin bai ma san ya juya ba.

Itatuwan sun girma. Famfon har yanzu yana zuba.

Likita mai ladabi ne, ya yi magana mai tsawo. Na bar shi ya gama don kada in ɓata masa aiki. Ya ce watanni. Bai ce nawa ba, ban tambaya ba. Ya ce in zo da wani nawa. Na ce to.

Lahadi, da yamma

Mota ɗaya daga ƙofar gida. Na je zan rubuta wannan a shafin Ta Kusa, na tarar na riga na rubuta sau biyu.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Yau ta tambaye ni baki da baki. Tana yanke min farce ta ce, “Tsoho, kai ka san wurin nan ciki da bai. In kai ne, wacce?”

Da na ce Ta Kusa, da ta zauna. Na sani. Har maganar ta zo min wuya.

Na ce mata manyan likitocin Ta Kusa ba su da na biyu, amma na sha kawo marar lafiya in rasa inda zan ratsa da gado saboda ɗalibai. Na gaba suna gani, na tsakiya suna ji, na baya suna kallon ƙeyar na tsakiya. Na ce, “Ke da ba ki da tsawo ba ki da faɗi, a baya za a bar ki. Ki tafi Ta Nesa.”

Ta ce, “Na gane. Korata kake yi don ka auro wata.”

Na ce, “Da waɗannan haƙoran? Wa zai ba ni?”

Ta yi dariya har ta yanko min nama. Ban ji zafi ba sai da ta tashi.

Laraba, da azahar

Na ƙara huda a bel.

Gobe za su ɗebi wani abu a jikina da allura. Gobe kuma Ta Kusa ta kira waɗanda ta ɗauka su zo a zagaya da su. Uwarta ta ce dole ta je ta gani da idonta kafin ta ƙi. Asibitin babba ne. Na san kowane lungu nasa, ba za mu haɗu ba.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ba mu haɗu ba.

Bayan allurar ba a barin mutum ya taka, Dogo ya zo da keke. Ya ce yau ta cikin bene za mu bi, ya rantse. Muna zuwa mararraba na hango sababbin ɗaliban tsaye a gindin matakala, sun kai ɗari, wani yana musu bayani. Na ja hulata ƙasa na ce, “Dogo, juya. Bi ta lambu.” Muka bi. Ba kowa sai wata mai shara.

Na riga ta isowa gida, na kwanta na ce rana ce ta buge ni.

Juma’a, ƙarfe takwas na safe

Ta ce Ta Kusa za ta yi.

Muna karyawa ta faɗa, idonta a kan kofi. Ta ce ta ga ɗakin karatunsu babba ne, kuma sunan makaranta ma wani abu ne. Uwarta ta rungume ta.

Ni ma na yi murna. Allah ya yafe min, na yi murna. Na ci abinci har na nemi ƙari.

Asabar, da la’asar

Ta wanke min huluna duka, ba wanda ya sa ta. Ta kawo min ruwa ta tsaya har na sha. Sau uku yau ta kira ni Kaka. Tun da ta iya magana ba ta taɓa ce min Kaka ba.

Na ce, “Amarya, ko kin yi sabon miji ne kike girmama ni?”

Ta yi murmushi ta ɗauki kofin ta fita.

Lahadi, ƙarfe sha biyu

Uwarta ta fita kai ɗinki. Na kira Tsinke na ce ta zauna, na ce ta gaya min me ta gani a Ta Kusa ban da ɗakin karatu.

Sai ta ce, “Rabinmu aka bari a gindin matakala. Mu an hau da mu bene na biyu. Tagar tana kallon lambu.”

Na ce ƙafa ce ta yi min ciwo, Dogo ya rage min hanya.

Ta ce, “Kaka, da a cikin bene na gan ka, da na yarda ƙafa ce. Tun ina aji biyu kake ba ni labarin hanyar nan.”

Ni na koya wa Dogo, ni na ba ta labari, ni kuma na ce a juya. Ba wanda zan ɗora wa.

Na ce ba don ni aka ɗauke ta ba. Ta ce ba don ni ba ne take zaɓa, don kanta ne. Ta ce ba za ta je ta koyi duba kakannin wasu ba, nata yana nan ba wanda ya san ko ya ci. Muna zaune haka har inuwa ta bar mu.

Litinin, da safe

Uwarta ta ji. Ta ce, “Dogo ya sani, jikarka ta sani. Ni da ka haifa ce bare.” Ta shiga ɗaki ta rufe. Tun ɗazu keken ɗinki yake gudu bai tsaya ba. Na san ba ta da aiki mai yawan haka.

Saura sati ɗaya.

Talata, ƙarfe huɗu

An ba ni gado. Ɗaki na tara, na uku daga ƙofa. Kwana kaɗan ne, za su rage min ruwan da ya taru. Na san gadon nan, ƙafarsa ta baya tana ja gefe.

Tsinke ta zauna mana. Me zai ragu in ta zauna? Ai Ta Kusa ma likitoci take fitarwa.

Na karanta layin da ke sama. Ba zan goge ba, don in riƙa ganin irin mutumin da nake.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Da safe babban likita ya zo ya ce yau ranar zagaye da ɗalibai ce, amma za su tsallake gadona, tunda ni na gida ne. Na ce kada a tsallake. Na roƙi sista ta bar jikata a ciki, ko da yake ana fitar da ’yan jinya. Ta ce ta tsaya a baya, kada ta yi magana.

Na ƙirga kai talatin da takwas. Likita ya ɗaga min riga, ya danna nan ya danna can, ya kira mutum uku na gaba su taɓa. Ɗaya ta taɓa a hankali, ta ce min sannu, na ce ta danna da kyau ba zan fashe ba. Sauran ban ga komai nasu ba sai goshi. Minti goma suka wuce gado na gaba.

Da suka fita na ce, “Amarya, me kika gani?”

Ta ce, “Ƙafarka. Babban yatsa.”

“Me kika ji?”

Ta ce na kusa da ita ya tambaye ta me aka ce, ta ce ita ba ɗaliba ba ce. Ya juya ya tambayi wani, wannan ya ce in an fita sa tambayi na gaba.

Na ce, “To waɗannan ’yan shekara ta huɗu ne. Ki yi shekara uku kina jira ki ga yatsa. Kuma kafin lokacin ni ba na nan.”

Ta miƙe ta ɗauki jakarta. Ta ce, “Ka shirya wannan.” Na ce na shirya. Ta ce, “Shekara talatin kana tura mutane inda ka ga dama. Ni ba gado ba ce.”

Ta manta kwanon da ta kawo.

Alhamis, da yamma

Sun zo tare. Tsinke ta zauna can wajen ƙafata tana kallon bango. Uwarta tana goge min hannu da tawul, ba ta ɗago ba ta ce, “Ke, saurara. Ubana ne kafin ya zama kakanki. Jinyarsa tawa ce, kuma ban ce ina neman mataimaki ba.”

Tsinke ta ce, “Umma, ke ce fa kika ce in na yi zazzaɓi wa zai je.”

“Ni zan je. Yini da rabi ne, ba lahira ba ce.”

Tana faɗar haka ta tuna a gefen wa take, ta ajiye tawul ɗin. Na gado na huɗu ne ya cece mu, ya ce a miƙo masa buta.

’Yar nan tawa ta rasa miji, yanzu za ta rasa mutum biyu a shekara ɗaya, kuma da bakinta ta sallami ɗayan. Ban taɓa rubuta ta a shafin nan ba, ba a Ta Kusa ba, ba a Ta Nesa ba.

Asabar, da hantsi

An sallame ni. Tsinke tana gaishe ni, tana ba ni magani a kan lokaci. Ban da wannan ba ta ce min komai.

Lahadi

Gobe ne.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Ta fita tun ƙarfe tara ba ta ce ina za ta ba. Na kasa kwanciya, na kasa zama. Da ta dawo ta ɗora min takarda a ƙirji. Ban nemi a karanta min ba, na san tambarin da ke sama. Na Ta Nesa ne.

Ta ce, “Sai ka ji daɗi, tsoho mai taurin kai.”

Na ce, “Na ji.”

Na jira ta fita tukuna. Ban san akwai sauran ruwa haka a jikina ba, bayan wanda suka rage.

Alhamis, da safe

Nan da kwana tara za ta tafi. Hutun farko sai bayan wata biyar. Ta ce in jira ta. Na ce to. Ta dube ni, ta san irin to ɗina.

Lahadi, da la’asar

Yau na ji ƙarfi. Tunda watan farko a hannun masu tura gado za ta yi, na ce ba za ta je ta kunyata ni ba. Dogo ya aro mana keke. Na zauna, ta tura ni a tsakar gida.

Na ce ta rage gudu a bakin ƙofa, marar lafiya a ƙashinsa yake jin dokin ƙofa. In gangara ce, ta juya ta sauka da baya. Kada ta yi hira da wani ta saman kansa kamar buhu ta ɗauko. Ta duba ko zanensa ya rufe shi kafin su fita cikin mutane. Sau biyu ta buga ni da randa, uwarta tana dariya ta taga. Rabon da in ji dariyarta an kwana biyu.

Da muka tsaya ta ce, “Tsoho, hanyar lambu fa? In suna da lambu, in koya musu?”

Na yi tunani. Na ce, “Ki tambayi mai ciwon ta ina yake so a bi. Ni ban taɓa tambaya ba.”

Laraba

Biro ya yi nauyi. Akwatinta ya cika, sun zauna a kai su biyu kafin ya rufu.

Juma’a, ƙarfe biyar na yamma

Dogo ya zo sallama da ƙunshi a hammata. Farar rigar likita ce, ta shekara biyu a ɗakin wanki ba wanda ya zo nema, shugaban wanki ya ce a kawo min. Uwarta ta rage hannun, ta goge ta. Tsinke ta ce ba za ta sa ba, ba ta kai ba, sai ranar da aka ba ta tata. Gaskiyarta ce. Ban matsa ba. Na sa an rataye ta a ƙusa inda zan riƙa gani.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na farka ƙusar ba komai.

Tsinke ta shigo da rigar a jikinta, ta sa maɓallan har wuya. Ta tsaya a bakin gado, hannu a aljihu, ta ce, “Wane ne tsohon da aka ce ba ya jin magana?”

Na ce, “Ga shi, likita.”

Ta kama wuyan hannuna tana duban agogon bango. Ba ta iya ba tukuna, a wurin da babu jijiya ta riƙe. Ban gyara mata ba. Can za a koya mata.

Motarta sai azahar. Na sa an fito da ni tsakar gida a kan kujera, na ce a buɗe ƙofar gida duka, uwarta ta kira Dogo ya gaya wa na ɗakin wanki da duk wanda ya tashi aiki. Maƙwabta kuma ba sai an aika ba, muryata tana fita yau. Tsinke ta ce minti talatin kawai za ta bar rigar a jikinta, don haka kada kowa ya tsaya neman takalmi. Tana nan tsaye kusa da akwatinta, rigar ta ɗan yi mata yawa a kafaɗa. Ku zo ku ga likitata. Ku zo yanzu, tun ina iya ɗaga hannu in nuna muku ita.